An ba ni Tarihi maimakon karatun lauya a Zariya: in karɓa ko in jira baɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na nemi karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, sai aka ba ni gurbi a sashen Tarihi. Babana ya ce tarihi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, bai kai a ɓata masa shekara huɗu ba, gara in sake zana JAMB baɗi. Ni kuwa ina son karatu, kuma na yi Islamiyya har ina karanta Larabci daidai gwargwado. Me ake koya a wannan sashe, kuma me zai amfane ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan gurbi da kika samu.

In har son karatun da kika ambata na gaskiya ne, wato kina iya zama da littafi awa biyu ba tare da an tsare ki ba, shawarata ki karɓa. Baba kuma bai faɗi abin mamaki ba. Tarihin da yawancin mutane suka sani shi ne na haddar sunayen sarakuna da shekarun yaƙi, kuma da a ce shi ake koyarwa a jami'a da ni ma na goyi bayansa. Abin da ake koya a sashen Tarihi na babbar jami'a sana'a ce ta tuhumar hujja: wa ya faɗi wannan magana, yaushe ya faɗe ta, wa yake son ya ji, me zai samu in an yarda da shi, me kuma ya tsallake bai faɗa ba.

Ga misali daga abin da kowa ya sani. An koya mana cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999. Ɗalibin sakandare zai haddace wannan ya ci maki. Ɗalibar jami'a kuwa za a tambaye ta: daga ina lambar ta fito? Idan ta bi sawu za ta tarar da tsohon kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo da ya rasu a 1893. Kundin yana faɗin shekara nawa kowane sarki ya yi a gadon mulki, amma bai ce Bagauda ya hau a shekara kaza ba. Wani jami'in mulkin mallaka ne, H. R. Palmer, da ya fassara kundin zuwa Turanci ya buga a 1908, ya yi ta lissafi da baya-baya, yana cire shekarun wannan sarki da na wancan, har ya dira a kan 999. To in mai kundin ya ƙara wa wani sarki shekara goma, ko an manta da wasu sarakuna biyu a tsakani, ina lissafin ya tsaya? Daga nan sai ta nemi wata hujja daga waje. Zamanin Muhammadu Rumfa yana da ita, domin Shehu Magili ya zo Kano a shekarun 1490 ya yi wa Rumfa rubutu kan yadda ake mulki, kuma malaman wasu ƙasashe sun rubuta tarihin rayuwar Magili ba tare da sun dogara da kundin Kano ba. Saboda haka shekarun Rumfa suna tsaye da ƙafa biyu, na Bagauda kuwa ƙiyasi ne. Wannan bai rage darajar kundin ba ko kaɗan. Ya dai nuna miki inda za ki jingina da shi da ƙarfi da inda za ki taka a hankali. Kin ga aikin bai yi nisa da wanda kika so yi ba, domin lauya ma shaida yake yi wa tambayoyi.

Kuma kin yi dace da wurin. Zariya ba ƙaramin suna gare ta a wannan fage ba, har masana a faɗin Afirka suna maganar mazhabar tarihi ta Zariya kamar yadda suke maganar ta Ibadan, inda Kenneth Dike da J. F. Ade Ajayi suka kafa tasu. Da aka buɗe jami'ar a 1962, wanda ya kafa sashen Tarihi wani Bature ne ɗan Ingila da ya taso daga Ibadan, H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1984. A wata maƙala da ya buga a 1970 ya ƙalubalanci yadda ake ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin bayanin asalin daulolin Hausa. Hujjarsa ita ce daula ba ta tsirowa don wani baƙo ya zo daga gabas ya kashe maciji. Tana tasowa ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni mai ganuwa, inda ƙasar noma da tama da hanyar fatauci da wuraren tsafi irin su Dala suka tara mutane. Wannan magana ta zo ne a lokacin da littattafan Turawa suka cika da ra'ayin cewa duk wani tsarin mulki a Afirka daga waje aka kawo shi.

Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, ya yi digirinsa na uku a kan Katsina, ya nuna cewa kallon jihadin 1804 a matsayin faɗan Fulani da Haɓe bai bayyana abin da ya faru ba, domin a kowane ɓangare akwai mutane masu asali daban-daban, kuma abin da ya raba su ya shafi malanta da sarauta da haraji da halin da talakawa da makiyaya suke ciki. Har ya rasu a 2005 yana yaƙi da masu mayar da tarihin Nijeriya tarihin ƙabilu. Mahmud Modibbo Tukur shi kuma ya ɗauki rahotannin Turawan mulki na 1897 zuwa 1914, waɗanda aka saba kwafa kamar gaskiya tsantsa, ya karanta su a matsayin maganar mai cin ƙasa da yake kare aikinsa a gaban na sama da shi. Ɗauki Satiru: a watan Fabrairu na 1906 mutanen wannan ƙauye kusa da Sakkwato suka fatattaki rundunar Turawa suka kashe Turawa uku, a watan Maris aka dawo aka shafe garin. Rahoton Razdan zai ce miki masu tsattsauran ra'ayi ne kawai. Mai bincike sai ya tambaya su wane ne a cikinsu, me ya sa talakawa da bayin da suka gudo suka taru a can, me ya sa masu sarauta suka tsaya tare da Turawa, kuma wa ya rage da rai da zai ba da nasu ɓangaren. Ba lallai ki yarda da duk abin da waɗannan malamai suka rubuta ba. An yi musu raddi, wani raddin ma yana da ƙarfi, musamman masu ganin cewa wasu 'yan mazhabar sun ba tattalin arziki da rikicin aji nauyin da ya danne na aƙida. Amma a cikin wannan muhawara za a tarbiyyantar da ke, kuma ba kowane sashe ne yake da gado irin wannan ba.

Tsarin karatun kansa ba shi da wuyar bayani. Shekara huɗu ce ga wanda ya shigo ta JAMB, uku ga wanda ya shigo kai-tsaye da NCE ko IJMB. Shekarun farko ana shimfiɗa ne: Nijeriya kafin 1800 da bayanta, Afirka ta Yamma, Arewacin Afirka da Sahara, Turai, da kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibi yake yi. Daga baya a shiga tarihin tattalin arziki, mulkin mallaka, da kwas ɗin da nake ganin shi ne ƙashin bayan digirin, wato nazarin yadda ake rubuta tarihi da hanyoyin bincike. Kada ki raina tarihin tattalin arziki don sunansa ba ya burgewa. A nan za ki ji yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga don masaƙun Ingila, manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa saboda ta fi kuɗi kuma in yunwa ta zo ana cin ta, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani da sanin kasuwa da suka samo daga fataucin goro. A shekarar ƙarshe sai ki rubuta furojet, bincikenki na kanki.

Yanzu ga abin da ya kamata ki fahimta game da babbar jami'ar gwamnati mai bincike, domin a nan ɗalibai da yawa suke yin asara ba su sani ba. Irin wannan jami'a kamar kasuwar Kurmi take, komai akwai amma ba mai biyo ki gida da kaya. Malamanki ba koyarwa kaɗai aka ɗauke su yi ba. Suna da nasu bincike, suna duba masu digiri na biyu da na uku, suna da tarurruka, kuma da rubutun da suka buga ake yi musu ƙarin girma. A ajin farko za ki iya zama cikin ɗaruruwa a kwas ɗin gama-gari, ba wanda ya san sunanki. Ɗalibar da ta tsaya ga lakca da takardun da ake rabawa za ta fita da digiri, amma ba ta taɓa jami'ar ba. Wadda ta amfana ita ce ta gano ranar da masu digiri na biyu da na uku suke gabatar da takardunsu ta je ta zauna a baya tana sauraro, ta ga yadda ake warware hujjar mutum a gabansa kuma a tashi lafiya. Ita ce take karanta abin da malaminta ya rubuta kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa da tambaya. Na daɗe a wannan aiki, ban ga malamin kirki da ya kori ɗalibin da ya zo masa da tambaya a kan shafi kaza na maƙalarsa ba.

Girman jami'ar kuma yana nufin maƙwabta. A Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, kina tafiyar ƙafa daga masu koyar da Larabci, da harsunan Afirka, da Faransanci, da labarin ƙasa, da masu haƙar kayan tarihi da suke aiki a kan tsofaffin wurare irin su Turunku da al'adar Nok. Duk lokacin da aka ba ki zaɓin kwas daga wani sashe, ki zaɓa da niyya, kada ki bi wanda aka ce yana da sauƙin maki. Ga laburaren Kashim Ibrahim, inda nake so ki fara da ɗakin kundayen digiri, domin akwai bincike mai yawa a kan garuruwan Arewa da ba a taɓa bugawa ba, yana nan a ɗaure cikin bango. Ga tarin rubuce-rubucen Larabci da shirin binciken tarihin Arewa ya tattara tun shekarun 1960. A Kaduna, kimanin kilomita 80 daga Zariya, akwai Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wanda Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970 kuma yake ƙarƙashin jami'ar. A garin dai akwai reshen gidan adana takardun gwamnati na ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa suke, masu lamba irin su SNP da Kanoprof da Zarprof da Sokprof. Ranar da kika buɗe rahoton ƙididdigar haraji na gundumarku, kika ga Di'o ya lissafa mutane da shanu da masaƙa da karofi da ranakun kasuwa na garin kakanninki shekara ɗari da suka wuce, za ki gane abin da ya sa wasunmu suka ƙare rayuwarsu a wannan aiki. Sannan ki tuna cewa an yi ƙidayar ne don karɓar haraji da jangali, kuma mutane ba sa nuna wa mai karɓar haraji duk abin da suka mallaka.

Abu biyu a cikin wasiƙarki sun sa na ƙarfafa miki gwiwa fiye da yadda zan yi wa wani. Na farko Larabcin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, ga wasiƙun da sarakuna suka yi ta aika wa juna, ga takardun alƙalai, ga waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci a hannun iyalai. Digirin digirgir na farko da wata jami'ar Nijeriya ta bayar, wanda Murray Last ya samu a Ibadan a 1964, a kan daular Sakkwato ne, kuma ya ginu ne a kan takardun Larabci da ya karanta a wurin Waziri Junaidu. Yau ɗaliban tarihi da suke iya karanta irin waɗannan takardu ba su da yawa, waɗanda suka iya Larabci kuma galibi sun tafi wasu sassan. Wanda ya haɗa biyun ana neman sa a gida da waje. Sai dai Larabcin Islamiyya mafari ne kawai. Rubutun hannu na magabata, irin na warash da kika gani a allo, yana buƙatar sabo, kuma gara ki nemi malamin zaure ko malama da za ki riƙa karanta tsofaffin takardu a gabansu. In kin samu dama ki ƙara da Faransanci, domin mai nazarin Katsina dole ya leƙa Maraɗi, inda sarautar Katsina ta dā ta koma bayan jihadi, mai nazarin Gobir kuma ya leƙa Tsibiri, kuma rahotannin wancan ɓangaren da Faransanci aka rubuta su.

Na biyu, ke mace ce. Tarihin ƙasar Hausa da aka rubuta yawancinsa maza ne suka ba maza labari a zaure. Abin da ke cikin gida, wato sana'o'in mata, adashi, kayan ɗaki, yadda aure da saki da gado suka sauya, yadda aka ci yunwa a shekarun fari, karatun mata, duk yana bakin tsofaffin da namiji baƙo ba zai zauna da su ya daɗe ba. Littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, har yau ana dogara da shi, domin irinsa kaɗan ne. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta yi rubutu da harshe uku ta kafa tsarin jajis da 'yan taru don karantar da matan karkara, amma sai da Jean Boyd ta yi shekaru a Sakkwato tana aiki da zuriyarta kafin duniyar ilmi ta ba ta matsayinta. Abin yana damuna ƙwarai cewa kowace shekara muna binne tsofaffin da suka ga zamanin En'e da idonsu ba wanda ya ɗauki maganarsu.

Wahalhalun ba zan ɓoye miki su ba. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, don haka shekara huɗu a takarda tana iya zarcewa. Sababbin littattafai da mujallun bincike ba sa isowa yadda ya kamata, dole ki koyi nemo su ta intanet. Za ki haɗu da abokan karatu da yawa da aka turo sashen ba da son ransu ba, suna jiran a gama kawai, kuma wannan sanyin jiki yana yaɗuwa. A kowace babbar jami'a kuma ba a rasa malamin da yake son a maido masa da kalmominsa a jarrabawa. Ki ba shi abin da zai ba ki maki, amma kada ki ɗauka wannan ne karatun. Karatun da rubutun da Turanci ake yin su, kuma wanda Turancinsa ya yi rauni yana shan wuya ko da kansa yana ja, saboda haka ki gyara shi tun shekarar farko ta hanyar yawan karatu da rubuta shafi ɗaya kullum.

Batun aiki shi ne ainihin damuwar Baba, kuma yana da haƙƙin a amsa masa da gaskiya. Digirin tarihi ba ya kai mutum ga kujera ɗaya tak da aka tanadar masa, yadda likitanci yake yi. Masu shi suna shiga koyarwa, bayan sun ƙara diflomar koyarwa. An daɗe da cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, yanzu an dawo da shi, kuma ƙwararrun malamansa sun yi ƙaranci. Suna shiga aikin gwamnati, aikin jarida, ma'aikatar harkokin waje, gidajen tarihi da na adana takardu, da ƙungiyoyin da ke aikin sasanta rikici, inda ake buƙatar wanda zai iya bin asalin rigimar fili ko ta sarauta ya rubuta rahoton da za a karanta. Marigayi Adamu Ciroma tarihi ya karanta, ya zama editan New Nigerian, ya zama gwamnan Babban Banki. Amma zamaninsa masu digiri kaɗan ne, kuma ba zan yaudare ki da shi ba. A yau abin da zai raba ki da dubban masu riƙe da takarda irin taki shi ne sakamako mai kyau, rubutu mai tsabta, harshe na biyu ko na uku, da sanin kwamfuta. In kuma binciken ya kama zuciyarki, hanyar digiri na biyu da na uku a buɗe take, kuma a nan ne Larabci da ajami za su buɗe miki ƙofar tallafin karatu.

Kada ki shiga da niyyar cewa bayan shekara ɗaya za ki sauya zuwa harabar jami'ar da ke Kongo, inda tsangayar lauyoyi take. Hukumar da ke kula da karatun lauya tana yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, masu nema kuma sun ninka guraben, don haka sauyin ba abin dogara ba ne. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ki gama tarihin da sakamako mai kyau, in har lokacin son lauyancin yana nan, jami'o'i da dama suna karɓar mai digiri kai-tsaye zuwa aji biyu. In kuwa kin auna kanki kin ga ba abin da kike so sai lauya, kuma dogon karatu ba tare da wannan buri ba zai gundure ki, to bin shawarar Baba ya fi, ki sake zana jarrabawar da shiri mai kyau, kina sane da cewa baɗi ma gasar ba za ta ragu ba.

Kafin ki yanke, ga gwajin da nake ba masu irin tambayarki. Ki sami tsohuwa mafi shekaru a danginku, ki gaishe ta yadda ya kamata, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya, ki tambaye ta abu ɗaya ƙayyadadde, misali yadda unguwarku ta kafu ko yadda aka yi fama da farin 1973. Bayan kwana biyu ki yi wa wani dattijo namiji tambayar nan ita dai. Ki rubuta abin da kowannensu ya ce, ki ja layi a inda suka saɓa, sannan ki yi ƙoƙarin bayyana dalilin saɓanin a shafi ɗaya ba tare da kin ce wani ya yi ƙarya ba. In kin ji aikin ya yi miki nauyi kuma bai ba ki sha'awa ba, kin samu amsarki da araha. In kuwa kin tashi da sababbin tambayoyi kina neman mutum na uku da za ki je wurinsa, ki kai wa Baba shafin ya karanta, sannan ki roƙe shi izinin zuwa yin rajista.